Hannun Yaya a Kwanon Ciyayya

A ƙauyenmu, can gefen hanyar Ɗambatta, ba takardar likita ce take nuna magidanci ya warke ba, fitowarsa ciyayya ce. Da an idar da sallar magariba kowane maigida a layinmu zai shiga ya ɗauko kwanon tuwonsa da na miya, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, a riƙa buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya ana sa hannu tare. Mu takwas ne, tara in an yi baƙo. A nan ake ƙulla aure, a nan ake kashe gardamar iyakar gona, a nan ake gane matar da ta fara rowar man gyaɗa. Wanda ya kwana biyu bai fito ba, ko dai yana kwance ne ko ya yi fushi, kuma kowanne daga ciki sai an bi shi har ɗaki. Yayana ya yi wata bakwai gurbinsa a tabarmar nan ba kowa, in ka cire rana ɗaya da gara ba a yi ta ba, kuma ni ne sanadi.

Yaya ya ba ni shekara tara. Da damina manomi ne kamar kowa, da rani kuma haƙar rijiya yake yi da yasa, har daga ƙauyukan nesa ake zuwa ɗaukarsa. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan ci, damtsensa kamar taɓarya. Ni kuwa malamin firamare ne, irin wanda ya san dalilin komai a littafi amma ko kaza ba a ba shi ya yanka. Shi ya yi noma na yi karatu, don haka tun da na dawo da takardar shaida ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam. Da gaske yake faɗa, ba da zolaya ba, kuma abin da ya kai mu ga wahala ke nan.

Wani rani ruwan rijiyar gidanmu ya ja baya, guga ya koma ɗebo laka. Yaya ya ce zai yashe ta. Yadda suke yi tun kakanni shi ne a kwashe sauran ruwan da guga, mutum biyu suna ja, a wuni ana yi, washegari mai yasa ya sauka. Na ce wannan ɓata lokaci ne a zamanin da ake ciki. Na je wajen wani mai lambu na aro injin ban ruwa. Da aka zura tiyo bai kai ga ruwan ba, sai na ce to a ɗaure injin da igiya a saukar da shi cikin rijiyar, ya yi aikinsa a can. Aka tayar da shi, aka saukar, ruwa ya fara malala a tsakar gida, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na tsaya hannuwana a baya kamar wanda ya zo duba aikin gwamnati. Kafin azahar an kwashe ruwan tas, aka fito da injin.

Yaya yana da ƙa'ida biyu. Ba ya sauka sai da igiya a ƙugu, kuma ba ya sauka sai ya zura fitila a kunne. In ta mutu a ƙasa, ranar ba aiki. Ya juya zai ɗauko fitilar na tsayar da shi. Na yi masa bayani a gaban mutane cewa fitila ta tsohuwar rijiya ce wadda ta daɗe a rufe, tamu kuwa kullum a buɗe take, iska tana shiga tana fita. Hayaƙin injin da ya taru ya zauna a ƙasa ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Yaya ya dube ni, ya ce tunda Malam ya faɗa. Allah ya taimake mu ban ce komai a kan igiyar ba.

Guga uku ya cika da laka muka ja, a na huɗu muka ji shiru. Muka kira, ba amsa. Da muka janyo shi jikinsa ya saki, babu numfashin da ido zai gani. Wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ba ya son a ja lokaci a kan abin da Allah ya riga ya hukunta, ya yi salati ya tambaya ko akwai likkafani a gida, har ya fara zaɓar waɗanda za su tafi maƙabarta don a samu a gama kafin la'asar. Mai kyamis ɗin garinmu ne ya ture shi gefe, ya durƙusa yana danna ƙirjin Yaya yana hura masa baki, har ya ja wani numfashi mai ƙara. Aka sa shi a motar kasuwa zuwa Ɗambatta, daga can aka tura mu birni. Kwana tara bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya gane Inna mahaifiyarmu, ya gane matarsa, ya gane ni, sannan ya tambaya ko an ƙarasa yasar. Muka yi ta hamdala, muka ɗauka shi ke nan.

Sai da aka miƙa masa kofin ruwa muka ga abin da rijiya ta bar mana. In yana kwance ba ya komai, lafiyarsa ƙalau, ko yatsa ba ya motsi. Da zarar ya yi niyyar ɗaukar wani abu sai hannun ya zabura, ya fizga sama ko gefe kamar an tsikare shi, kuma gwargwadon yadda ya matsu da abin, gwargwadon ƙarfin fizgar. Ruwan kofin nan a jikin majinyacin gadon kusa ya ƙare. In ya miƙe, ƙafafun su ɗauke shi taku biyu, a na uku su sake shi ya zube. Ƙara kuma ba sa shiri da ita: a bugo ƙofa ko cokali ya faɗi, jikin gaba ɗaya sai ya yi tsalle. Harshensa ya yi ɗan nauyi, amma hankalinsa garau, yana ji yana gani hannunsa yake yi masa rashin kunya a gaban mutane.

Likitar, wata matashiya mai haƙuri, ta zaunar da mu ta ce ba farfaɗiya ba ce, ba kuma shanyewar ɓarin jiki ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ta yi wasu mintuna ba ta samun iska, sai wajen da yake daidaita motsi ya taɓu. Ta ce ba kasafai suke ganin irinsa ba, don yawancin waɗanda suka kai inda ya kai ba sa dawowa. Magani zai rage, motsa jiki zai taimaka, amma ba za ta yi alkawarin zai tafi ba. Ta ƙara da cewa damuwa da idon mutane suna ƙara shi. Daga nan ta tambaya yadda aka yi hayaƙi ya shiga rijiya. Na tsura wa fankar ɗakin ido. Yaya ya ce mata ƙaddara ce, ta rubuta wani abu, aka wuce wajen.

Inna ta saurari likita da ladabi har ƙarshe, muna dawowa gida ta faɗi nata binciken. A cewarta kowace rijiya da masu ita, kuma shekara da shekaru Yaya yana shiga yana fita ba su taɓa shi ba, sai da aka kai musu ƙarar inji har cikin ɗaki. Ta aika aka kira wani mai ruƙiyya daga ƙauyen gaba, mutum mai murya irin wadda ba ta bukatar lasifika. Ya kafa baki a kunnen Yaya ya ɗaga murya, Yaya ya yi tsalle daga tabarma. Malamin ruƙiyyar ya waiwayo ya dube mu da alamar kun gani. Ya ƙara ɗagawa, Yaya ya ƙara tsalle. Da ya miƙa masa ƙoƙon ruwan tofi ya sha, hannu ya yi abin da ya saba, ƙoƙo ya tafi da hular malamin. Ya ce lallai wannan aljani tsohon kafiri ne, ko ganin ruwan addu'a ba ya son yi.

Na yi ta bayani a kan ƙwaƙwalwa da iska, babu mai saurare, kuma da gaskiyarsu, don suna ganin inda bayanina na baya ya kai mu. Yaya ne da kansa ya roƙi malamin ko zai yi karatun ƙasa-ƙasa. Ya sassauta murya, Yaya ya kwanta lamo, ya saurari sura guda ko gezau. Malamin ya shafa addu'a ya ce an rabu, baƙon ya kama hanya. Inna tana cikin godiya jakin maƙwabta ya yi kuka a bayan katanga, Yaya ya zabura har ya harbar da buta. Malamin ya ce wani lokaci sukan dawo ɗaukar abin da suka manta, ya sa takalmi ya tafi.

Maganin asibiti ya yi nasa ƙoƙarin, ko da yake yana sa shi gyangyaɗi. Zuwa wata na huɗu yana iya dafa bango ya kai zaure. Bai taɓa maganar rijiya ba, bai tambayi gona ba. Abu ɗaya yake tambaya kullum in ya ji ƙarar murafen kwanuka a waje: wa da wa suka fito, miyar gidan wa aka fara buɗewa, me aka ce. Ran nan ya ce gobe zai fito.

Nan ma ilimina ya motsa. Na tuna likita ta ce idon mutane yana ƙara abin, sai na bi mutanen ciyayya gida-gida na ja musu kunne: in Yaya ya fito kada wanda ya kalle shi, kada wanda ya yi dariya, kowa ya yi kamar ba komai. Suka karɓa hannu bibbiyu, don mu mutane ne masu kara, babu abin da muka gwanance kamar ganin abu mu yi kamar ba mu gani ba.

Ban taɓa ganin cin tuwo irin na ranar ba. Magidanta bakwai sun kewaye kwano tare da shi, babu mai kallon kwanon. Liman ya sa wa babban yatsan ƙafarsa ido. Telan layinmu ya ɗaga kai yana nazarin ganyen darbejiya, har ya tsoma hannu a miya mai zafi ya ciji leɓe ya ci gaba da nazarinsa. Miyar kuɓewa ce. Yaya ya gutsuro loma, ya dangwala, ya nufo baki da ita, hannu ya fizga, loma ta tashi ta sauka a kafaɗar dattijon nan da ya nemi likkafani. Dattijo ya ci gaba da bayanin tsutsar da ta kama masa masara, tuwo a kafaɗa, yauƙi yana gangarawa cikin aljihunsa, bai ko karkata wuya ba. Babu wanda ya yi tari. Yaya ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai samu ido ko ɗaya ba, har nawa. Ya goge hannu, ya yi hamdala a kan lomar da bai ci ba, ya ce a kama shi ya shiga ciki.

Ban daddara ba. Na kawo shawarar cokali, sai ya zamana cokali ya fi hannu nisan jifa. Na ce to a riƙa zuba masa nasa a kwano daban ya zauna a gefenmu; ya ce in kwano daban ne, ai yana da shi a ɗaki. Daga nan ya daina tambayar wa ya fito. Matarsa take ba shi a bayan labule, ya ci loma kaɗan ya kau da kai. Damtsen nan ya fara zubewa.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, komawarsa ɗaki ta yi mini daɗi. Duk fizgar da hannun nan ya yi, a ƙirjina nake jin ta. Na koma gaishe shi daga bakin ƙofa, ina cewa sauri nake zan tafi makaranta, har ranar Asabar. Kuma babu wanda ya ce mini ci kanka. Inna ta ɗora wa masu rijiya, Liman ya ɗora wa ƙaddara, mai lambun da na ari injinsa kuwa in ya hango ni sai ya sauko daga keke ya gaishe ni da murya mai laushi kamar ni aka yi wa rasuwa. Wallahi da wani ya tare ni a hanya ya zage ni tas, da na yi masa godiya. Haushin nan duk a kan matata da 'yan ajina ya ƙare, ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

A asibiti, masu gashin ƙashi sun nuna wa matar Yaya cewa in hannun ya samu nauyi ko madogara, fizgar tana raguwa. Ta ɗinka 'yar jaka ta cika da yashi tana ɗaura masa a wuyan hannu. Ta yi amfani, sai dai ranar da hannun ya kufce da jakar a jiki, randar ɗakin ce ta ji jiki. Daga baya ta gano da kanta cewa babu abin da ya kai mutum ya kama masa hannun a ƙasan gwiwa, ya ɗan danne, ya bi shi a hankali daga kwano har baki. A haka yake iya cin rabin kwano da hannunsa.

Tsakanina da ita akwai wasa, kamar kowane ƙanin miji da matar wa, amma tun da abin nan ya faru ta daina tsokanata, ita ma ta shiga sahun masu kara. Wata la'asar, lokacin sabon gero ya shigo, na dawo daga gona ta tare ni a tsakar gida da muciya a hannu. Ta ce maigidanta yana iya ci in an riƙe masa, ita kuma ba ta da wurin zama a tabarmar maza.

"Malam," ta ce, "in kana cin tuwo, hannunka na hagu aikin me yake yi?"

Na fara kawo maganar likita da idon mutane. Ta ce ita ba idon mutane ta ga yana ramar mata da miji ba, rashinsa ne, ta juya ta koma kan tukunyarta.

Bayan magariba na shiga ɗakinsa har ciki, karo na farko cikin makonni. Ban yi bayani ba, na ce Yaya tashi mu fita. Ya dube ni, ya ce a miƙo masa hula. Na zaunar da shi a gurbinsa, na zauna a damansa, na sa hagun nawa na kama hannun a ƙasan gwiwa. A ranar na fara sanin abin nan da jikina. Ba rawa ba ce irin ta tsufa. Ƙarfi ne na gaske, na mutumin da ya yi shekara talatin yana saran ƙasa, yana zuwa ba sallama, kuma kafin kowace fizga ina jin yadda shi ma yake kokawa da ita daga ciki. Wata bakwai yana wannan kokawa a kan kowace kurɓar ruwa, ni kuwa har na koma gaisuwa daga bakin ƙofa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Mutanen ciyayya ba su manta darasin da na koya musu ba, kowa ya nemi abin kallonsa ya kafa masa ido. Loma ta farko ta yi tangaɗi ta isa baki. Ta biyu ma haka. Kaina ya fara kumbura, har ina tsara yadda zan ba likita labari. A ta uku wani ɗan acaɓa ya danna hon a kan kwana. Hannu ya kufce mini, loma da miyar kuka da yajinta suka same ni a tsakiyar fuska, tabarau ɗina ya karkace.

Yaya ya juyo ya kalle ni, da harshen nan nasa mai nauyi ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ji:

"Malam, kai ka zura inji a rijiya, kai ka hana ni fitila. Riƙon hannu ɗaya kuma ya gagare ka?"

Tela ne ya fara, dariya ta kufce masa ta hanci. Liman ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa, daga nan kowa ya ɓarke, har da masu buga tabarma. Yaya ma yana dariya, dariyar tana sa jikin tsalle, tsallen yana ƙara musu dariya, duk idanu a kansa. Ni kuwa hawaye ne suke zubo mini, kuma ba duka ne na yaji ba. Wata bakwai nake jiran wani ya faɗi maganar nan a gabana.

Da dariya ta lafa na ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Tun a asibiti," ya ce. "Kai ne ba ka shigo ka karɓa ba. Kama, tuwo yana hucewa."

Na goge fuska da hannun riga, na gyara zama, na sake kama hannun, wannan karon da dukan ƙarfina. Ya miƙa shi cikin kwano.